Sharar da Ke Gindin Rumbun Gandu

Ƴaƴana, wannan babi na rubuta shi ne saboda sunan da kuka taso kuka ji ana kirana da shi a bayan idona: Ɓeran Rumbu. Kun sha dambe a kansa a hanyar lakol, wato makarantar boko. Duk ranar da ɗayanku ya dawo da riga a yage ya tambaye ni ko gaskiya ne na saci hatsin gidanmu, amsata ba ta wuce a je a wanke ƙafa a zo a ci tuwo ba. Yau waɗanda na yi shiru dominsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi. Zan bi shi daki-daki, farko kafin tsakiya, tsakiya kafin ƙarshe, don haka na koya, kuma za ku ji inda na koya.

Farko, gidan. A shekarar da nake magana kakanku ya riga ya rasu, wana, Yaya Lawali, shi ke riƙe da gandu. Gona ɗaya muke nomawa, tukunya ɗaya ake ɗora mana, rumbunmu babba yana bayan gari ta gabas, inda rumbunan kowa suke a jere. Dokar rumbun gandu guda ce tun kakanni. In an zuba damman gero bayan kaka, aka ɗora jinka aka ɗaure, ba a sake ɗaga ta sai ruwan shuka ya sauka, domin wannan hatsi shi ne ƙarfin masu noma a damina. Da rani kowa ya ci abin da ya samu a ƴar gonarsa ta kansa. Akwai doka ta biyu: mace ba ta hawa rumbu, ba ta leƙa cikinsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma in aka ga mace a kan tsanin rumbu magana ta ƙare, mazan gidan sun kasa ciyar da ita ke nan, kuma gari ba ya mantawa.

Inna, kakarku, tana nan da ƙarfinta a lokacin. Ƴar siririya ce, bahaguwa, ba ta iya zama hannu sake. Yaya ɗan farinta ne, don haka tana masa kunya irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta roƙonsa ko da allura. In dole ta ambace shi, sai ta dube ni ta ce, “wanka.” A gabashin gonarmu kuma akwai rugar Buba da tsohuwarsa Dije. Tun zamanin kakanku suke sauka nan bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki, mu ba su gero, su ba mu nono. A shekarar nan damina ta yanke da wuri. Mu mun tsira da abin da muka tsira da shi, amma ciyawa ba ta yi ba. Tun kafin zafi ya shigo sosai shanun Buba suka fara faɗuwa, waɗanda suka rage a tsaye kuma nono ya ƙafe musu.

Na biyu, akwatin. A wannan ranin ne Mamman mai shayi ya kawo tele, akwatin talabijin, garinmu, da eriya a kan doguwar gora, da batirin mota da ake kai wa caji Gazawa a bayan moto, wato babur. Kowace Lahadi bayan la'asar ana nuna wani wasa na ƙasar Turawa, da Faransanci. Ni ban taka wurin ba, don a ganina aikin marasa aiki ne. Sai Mamman ya tare ni a bakin masallaci.

“Sani, kai ka yi lakol. Zo ka ji mana abin da mutanen ga ke cewa, mun gaji da ƙirƙira musu magana.”

“Karatuna bai yi nisa ba,” na ce.

“Ya fi namu nisa. Jiya Ɗan Ladi ya rantse mana matar cikin akwatin cewa ta yi a sayo mata daddawa.”

Na je don in yi sau ɗaya in huta. Aka ba ni kujera a gefen akwatin, gari ya zauna a ƙasa, na riƙa tsintar abin da kunnena ya kama ina juya musu. Wasan na wani komiser ne, babban ɗan sanda mai bincike, ƙaton mutum mai ciwon ƙafa, ba bindiga, ba tsawa. Tun ranar farko yara suka sa masa Ja-Ƙafa. An kashe wani attajiri a gidansa, kowa ya nuna mai ban ruwan lambu, har da mu da ke zaune a rumfar Mamman. Mutane na ihu, “Kama shi mana! Ga shi nan yana rawar jiki!” Ja-Ƙafa bai kama shi ba. Ya samu wuri ya zauna a inda abin ya faru, ya yi ta kallo, har muka ƙosa. Sannan ya fara tambaya, kuma na lura tambayoyinsa a jere suke, ba ya tsallake ɗaya. Mi ya faru, takamaimai? Wa ke iya isa wurin a wannan lokaci? Wa ke da bukatar a yi haka? Da ya zo lissafa waɗanda ke iya isa wurin, bai cire kowa don girmansa ba. Ya sa matar mamacin, ya sa amininsa likita mai furfura wanda shi ya fi kowa kuka. A ƙarshe ya tara su a ɗaki guda, ya jero musu abin da ya faru tun daga fari kamar yana wurin aka yi, har ya iso kan likitan. Likitan ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya taɓa shi ko da yatsa.

Ban san lokacin da na daina fassara ba, sai da Mamman ya taɓa ni. Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane abin da na ji ba. Ni a rayuwata hanya uku na sani ta neman ɓarawo: a rantsar da mutum, a dake shi, ko a je wurin boka. A cikin ukun nan na sha ganin marar laifi ya kwana a ciki. Sai ga hanya ta huɗu, wadda ba komai a cikinta sai ido, da haƙuri, da bin abu a kan tsari, kuma gaskiya ta fito da ƙafarta ta tsaya a gaban mutane. Na koma gida ina tafiya a hankali, ina ta mamakin baiwar da Allah ya zuba a kan ɗan Adam, muke yawo da ita ba mu sani ba. Daga ranar ban sake fashin Lahadi ba. In na dawo sai in zauna a tsakar gida in maimaita wa mahaifiyarku Rabi labarin, Inna na gefe tana tsince wake kamar ba ta ji. Wata rana na ba da labarin wanda aka kama saboda sawun takalminsa, sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba:

“Wanga ɓarawo sakarai ne. Ba tsintsiya a ƙasarsu?”

Muka yi dariya, aka wuce wurin.

Na uku, ɓarnar. Wata safiya Yaya ya ga tsuntsaye suna tsattsaga a gindin rumbunmu, inda bai kamata a samu tsaba ba. Ya jawo tsani daga ƙarƙashin rumbun, ya tokare jinka da gwafa, ya leƙa. Ta gefe guda gero ya yi rami. Ya sa samari suka riƙa kwana a wurin da sanduna, ba su ga ko kare ba. Da ya sake leƙawa bayan mako guda, ramin ya ƙaru. Ana cikin haka wani mai neman jakinsa ya bi ta bayan rugar Buba, ya ga inda aka yi sussuka, ya kwaso ƙaiƙayin a hula ya kawo. Gargasa ce, geron nan mai gashi da tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. A duk yankinmu gidanmu kaɗai ke shuka ta.

Muka je rugar, ni da Yaya, mutane na biye da mu. Buba na tsaye kusa da wata saniya da ta kasa tashi.

“Buba,” in ji Yaya, “gargasa a rugarka. A kan ƙahon sa ka shuka ta?”

“Ban hau rumbun kowa ba, Lawali. Na dawo daji na iske tuwo, na ci, yara suka ci. Na tambayi tsohuwa, ta ce ba ta aka yi.”

Yaya ya juya wurin Dije, tana zaune a bakin bukka tana gyaran ƙwarya.

“Gwaggo Dije, wa ya ba ki?”

“Wanda ya ba ni ya sani.”

“Mu ma muna son mu sani.”

“To ku yi ta so,” ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Aka kai magana ƙofar maigari. Ya ce ya ba su zuwa Asabar ta sama. In ba su kawo wanda ya ba su ba, za a kira jandarma su tafi da Buba, sauran kuma su kwashe rugar su bar ƙasar garin. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Shanun da ba sa iya tashi sai an ɗaga musu wutsiya ba za su kai rijiya ta gaba ba, kuma ba garin da zai sauki wanda aka kora da sunan sata. Da muka fito na ce wa Yaya ya bar ni in duba abin da kaina kafin ranar.

“Kai kuma Ja-Ƙafa ka zama?” ya ce. “Saura ka fara ɗingishi. Je ka duba, ido naka ne.”

Na huɗu, binciken. Na je gindin rumbu da hantsi na zauna a ƙasa kamar yadda na ga ana yi, masu wucewa suna mini dariya. Na tambayi kaina tambaya ta farko, mi ya faru takamaimai. Na hau na duba. Ba a fasa zanar rumbun ba, ba a yanka igiyar jinka ba, an kwance ta ne aka mayar aka ɗaure tsaf. Ba dami ko ɗaya da aka ɗauka sukutum. An kwance kabar damman da ke kusa da baki, ana zare zangarnu kaɗan-kaɗan, iya abin da hannu ya kai ba tare da an shiga ciki ba. Na ce a raina, Buba ƙato ne, dami biyu yake ɗauka a kafaɗa. Mai tsoron a kama shi ba ya zuwa sau da yawa don abin da bai cika zane ba, kuma ba ya tsayawa gyara ɗauri.

Tambaya ta biyu, wa ke iya isa wurin, kuma yaushe. Masu gadi sun tsare dare, ba su ga kowa ba, amma gero na raguwa. Ashe mu muka yanke wa ɓarawo lokaci, muka ce sai da dare, shi bai yi mana wannan alkawari ba. Na karyo reshen sabara na baje yashin da ke kewaye da rumbun ya yi sumul, na riƙa zuwa safe da yamma ina dubawa. Ban ga komai ba sai sawun ƙadangaru da na zabbi. Ranar Juma'a muka tafi masallaci a garin gaba, don namu ba a Juma'a a cikinsa a lokacin. Duk namijin da ya isa sallah ya tafi. Buba ma yana nan a sahun da ke gabana, na ga ƙeyarsa tun daga huɗuba har sallama, tare kuma muka dawo. Ban shiga gida ba, na zarce rumbu.

An taɓa yashin. Ba sawu ko ɗaya, amma ba bajewar sabarata ba ce. Shara ce aka yi da tsintsiya, tun daga gindin tsani har bakin hanya, layi bisa layi kamar ɓawon kifi, kowane layi ya lanƙwasa daga dama zuwa hagu. Na durƙusa ina kallo. Wannan shara a cikinta na yi rarrafe. Kowace safiya ta duniya ita nake fara takawa in na fito ɗaki. Rabi in ta yi shara layinta ta ɗaya gefen yake kwanciya, haka na matar Yaya, haka na kowace mace mai shara da dama. A nan na gane kuskurenmu, ni da Yaya da maigari da gari baki ɗaya. Da muke lissafa masu iya hawa rumbu, ba wanda ya sa mace a ciki, balle wannan macen. Ja-Ƙafa da ya sa ta tun ranar farko.

Duk da haka ban yarda da ido ɗaya ba. Na shiga gida na tarar da Rabi tana wanki, tana soshe-soshen hannu.

“Mi ya same ki?”

“Zanen Inna ne. Duk Juma'a sai in ji shi cike da ƙaiƙayi kamar wadda ta kwana a masussuka. Ni ban san inda take shiga ba.”

Saura tambaya ta uku, kuma wannan ba yashin da zai ba ni amsarta. Na sami Inna a bayan ɗakinta, a inuwar itacen bedi, tana murza igiya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sau ɗaya.

“Ka je ka gani ke nan.”

“Na gani, Inna.”

“Na share fa.”

“Sharar ce na gani.”

Ta yi ƴar dariya ta hanci, ta ajiye igiyar. Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wata shekarar yunwa, ina goye, Yaya bai fi tsayin turmi ba, kakanku ya tafi cin rani bai dawo da wuri ba, gidan ba ko tsaba. Kowace safiya Inna ta buɗe ƙofa sai ta tarar da ƙwaryar nono a rufe da faifai. Ba ta taɓa ganin mai ajiyewa ba, ba a taɓa yi mata maganar ba, har ruwa ya sauka. Ƙwaryar kawai ta gane, ta Dije ce.

“Da wannan nono kuka rayu, ku biyun,” ta ce. “Yanzu jikokinta na lasar ƙwarya, ni ina kwana kusa da rumbu cike?”

“Mi ya hana ki faɗa wa Yaya?”

“Ni in buɗe baki in roƙi wanka? Ka taɓa gani?”

“To ni fa?”

“Kai? Da ka ce a jira ruwan shuka, doka ce. Ƙarya na yi?”

Ba ƙarya ta yi ba. Ina kallon hannuwanta, duk gargasa ta yayyage su har gwiwar hannu. Na auna tsawon tsanin nan a raina, na auna nauyin jinkar da ni kaina sai na yi nishi nake tokare ta, na dubi wannan ƴar tsohuwa da iska mai ƙarfi ke iya turewa. Ita kaɗai, da rana tsaka, Juma'a bayan Juma'a. Ta ce gobe da safe za ta yafa mayafi ta je ƙofar maigari ta faɗa da bakinta. Dije ta aiko mata har sau biyu cewa kada ta kuskura, su sun yarda su tafi, amma ita ba za ta bari a ɗaure ɗan mutane ba.

“Ki zauna, Inna,” na ce. “Ni zan je.”

“Ka ce mi?”

“Ba zan yi ƙarya ba. Ba kuma zan kira sunanki ba.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Wanka kada ya ji. Ko ina raye ko ba ni.”

Na biyar, hukuncin. A wasan Ja-Ƙafa wannan shi ne wurin da ya fi daɗi, inda ake tara kowa a nuna mai laifi, gari ya yi tafi. Ni ga shi an tara mini kowa a ƙofar maigari, na san abin da ya faru tun daga fari har ƙarshe, kuma ba halin in jero shi. Buba na zaune a gefe, sandarsa a kan cinya. Na tashi na ce:

“Ranka ya daɗe, geron da aka gani a rugar Buba daga rumbunmu ya fito. Buba bai hau ba, bai aiki kowa ba. Ranar da aka ɗiba na ƙarshe yana gabana a sahu. Daga cikin gidanmu aka ba su, kyauta, kuma ni na ɗauki nauyin abin. A cire daga rabona.”

Yaya ya juyo ya dube ni, ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji.

“Kai ne, Sani? Kai ka buɗe rumbun gandu kafin ruwa, ka bar mu muna kwana a waje da sanduna?”

“Na faɗi abin da zan faɗa, Yaya.”

Wani daga baya ya ce, “Ashe ɓeran a cikin rumbun yake!” Aka fashe da dariya, sunan ya zauna. Maigari ya ba Buba haƙuri a gaban kowa, ya ce rugarsa ta zauna inda take. Buba ya miƙe da sandarsa. Ya zo wucewa ya tsaya, ya kama hannuna da hannu biyu, ya saki, ya tafi wurin shanunsa.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Da kaka ta zo Yaya ya kira dattawa ya ce a raba gandu, ba zai sake haɗa rumbu da ni ba. Aka ja iyaka a tsakiyar gonar kakanku, aka ja danga a tsakiyar gida. Ya ce Inna ta zauna a ɓangarena, tunda ni ne mai kyauta. Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da sunan. Ya ba ni gonar gabas, mai rugar, ya ce in je in ƙarata da abokaina. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma hira ta mutu tsakaninmu. Lahadi kuma ban daina zuwa rumfar Mamman ba. Duk lokacin da Ja-Ƙafa ya tara mutane zai nuna mai laifi, sai wani ya ce, “Sani, rufe fuska, ya iso kanka!” In jira su gama dariya, in ci gaba da fassara daga inda na tsaya. Abu ɗaya na samu a rabon nan. Rumbuna ya zama nawa, ba mai tambayata. Duk ranin da ya yi tsanani, ranar Juma'a kafin in tafi masallaci sai in sauke dami in jingine a ƙofar ɗakin Inna, in wuce. In na dawo ba ya nan. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma haka, har ta rasu. Ina jin daɗin wannan dabara, ina ganin tawa ce.

Na ƙarshe. Bara, da ciwon Yaya ya yi nauyi aka dawo da shi daga gidan likita a Agiye, ya aiko a kira ni. Na same shi da hantsi a kwance a zaure, ya rame har ban so kallonsa ba. Ya sallami ƴaƴansa. Can sai ya ce:

“Ja-Ƙafa.”

“Na'am, Yaya.”

“Har yanzu kana jin kai kaɗai ka san sharar bahaguwa? Na riga ka taka ta. Ranar Juma'ar nan ina bayanka, da ka tashi daga gindin rumbun na je na durƙusa inda ka durƙusa.”

Na ce, “To mi ya sa ba ka janye ƙarar ba?”

“In janye, Buba ya zauna da sunan ɓarawon da aka yafe wa? Gari suna yake so. In ba a ba shi ba, tono zai ci gaba da yi har ya kai inda ba mu so. Ka ba su naka, ni kuma na buga shi da ƙarfi don ya zauna.”

“Rabon gandun fa? Da cewa Inna ta koma wurina?”

Ya yi tari, na ba shi ruwa, ya kurɓa.

“Ni ba ta iya roƙona. Muddin rumbun na hannuna, tsanin nan za ta ci gaba da hawa har ranar da za ta faɗo. Kai tana iya kallon idonka. Gonar gabas kuma ai kusa da ƙawarta take.”

Na zauna a wurin, tsoho da ni, ina jin abin da na ji ranar farko a rumfar Mamman, har ya fi. Shekaru ina ganin ni na bi sawu har ƙarshensa, ashe a gidanmu akwai wanda ya ga abin da na gani, ya hango abin da ban hango ba, ya tsara komai a jere, ya biya da ƙaninsa da kusancin uwarsa, bai taɓa tara kowa a ɗaki don a yi masa tafi ba. Ita ta tafi tana jin bai sani ba. Shi kuma ya bar ta da wannan, don kunyarta ta kai ta kabari a rufe.

“Sani,” ya ce, idonsa a lumshe. “Bayan rabon, ta sake hawa tsani?”

“A'a, Yaya. Ko sau ɗaya.”

“To,” ya ce. Ya juya fuskarsa wajen bango, ya yi barci.

Wannan shi ne abin da ya faru, a jere. Sunan kuwa ku bar mini kayana, kada wanda ya sake dambe a kansa. Dangar da ke tsakiyar gida ta tsufa, ta kwanta ta gefen rijiya. Na ce kada a tayar da ita.